Malam Sake Ya Koma Ɗan Koyo

A asibitin koyarwa babu wanda ya taɓa kiransa Malam Sake a gaban idonsa. A gabansa Malam ne kawai, ko Yallaɓai idan mutum ya yi laifi yana neman sassauci. Amma da zarar ya ba da baya, daga manyan likitoci har masu tura gadon marasa lafiya, sunan nan ne a bakin kowa, kuma shi ya jawo wa kansa. Likitan tiyata ne, aikinsa koya wa ƙananan likitoci yadda ake buɗe cikin ɗan'adam a gyara a rufe, kuma a duk shekarun da ya yi a wannan aiki kalma ɗaya ce ta fi yawa a bakinsa. Ka ɗaure ƙulli, ya leƙo ta saman gilashinsa, ya ce, "Sake." Ka wanke hannu har gwiwa, ka kuskure yatsanka ya shafi bakin famfo, ya ce, "Sake." Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Wasu ma sun gwammace a zage su, don zagi yana wucewa, wannan kuwa sai ka sake ɗin.

Ɗan direban babbar mota ne, shi ne babba a ɗakinsu, kuma babu likita ko ɗaya a danginsu kafin shi. Allah dai ya yi masa hannu. Tun yana ɗalibi, abin da za a yi ta maimaita wa 'yan ajinsu, shi gani ɗaya yake yi yatsunsa su ɗauke. Abokan karatunsa sun watse, wasu sun buɗe asibitocin kansu, wasu sun koma ofis suna sa hannu a takarda har sun ajiye tumbi. Shi ya maƙale a bene na biyu, tsakanin ɗakin tiyata da ɗakin kwantar da marasa lafiya, shi da tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai ta ga dama. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaje shi. Babbar ma in ta ga jinin yankan farce sai ta nemi wurin zama. Matarsa, wadda tun suna sabbin aure ta saba da ganin abincinsa yana hucewa a tebur, takan ce 'ya'yansa na gaskiya suna asibiti, na gida riƙo aka ba shi. Yakan yi dariya, amma bai taɓa ƙaryata ta ba.

Wanda bai sani ba yakan ɗauka da an gama makarantar likita sai a miƙa wa mutum wuƙa. Da sauran aiki. Likitan da yake son ƙwarewa a tiyata sai ya sake shiga wani horon na shekaru, kuma daga ƙasa yake farawa. Da farko aikinsa ya riƙe ƙarfen da ake janye gefen ciki da shi don babba ya ga abin da yake yi, ya riƙe har kafaɗarsa ta mutu, ya yanke zare in an ce ya yanke. Daga nan a bar shi ya ɗinke fata. Sai ƙananan ayyuka, irin su gyaran ƙaba da cire afendis, 'yar wutsiyar nan ta hanji, babba yana tsaye a ɗaya gefen tebur. Da safe ya bi zagayen marasa lafiya a yi masa tambayoyi a gaban kowa, ranar taron mako kuma a baje kuskurensa a faifai don kada wani ya maimaita. A ƙarshen kowace shekara manyan sashen su zauna su yanke wanda zai hau gaba, da wanda za a ce masa cikin ladabi ya nemi wani fannin da babu wuƙa a cikinsa.

Malam yana da tasa hanyar, kuma da ita yake taƙama. In ya ga ɗalibi ya kasa, yakan zagayo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ya ɗora hannunsa na dama a kan na yaron, su yi ɗinkin tare, har yatsun yaron su ji yadda allura take bin lanƙwasarta ta shige nama ba tare da an tura ta da ƙarfi ba. Da wannan hanya ya fitar da likitoci masu yawa, masu kaifin hannu da masu nauyinsa, kuma ba a taɓa sallamar ko ɗaya daga cikin waɗanda aka damƙa masa ba. Ba ya faɗa da baki, amma kowa ya san abin yana yi masa daɗi.

Sai aka kawo masa wata ƙaramar likita, 'yar siririya, marar yawan magana. Kai dai akwai shi. Ta taɓa cikin majinyaci, ta yi masa 'yan tambayoyi, kafin hoto ya fito ta faɗi abin da ke damunsa, kuma yawanci haka ɗin ne. Tsofaffi a ɗakin kwanciya in ba ita ce ta zo duba ciwonsu ba sai su ɓata rai. Amma da ta sa safar hannu ta tsaya gaban tebur, sai ka rantse wata ce daban. Allura ta karkace, ƙulli ya yi sako-sako, ɗinkin da wani zai gama kafin a canja kwalbar ruwa ita tana nan tana fama. 'Yan'uwanta masu neman ƙwarewa suka laƙa mata Hannun Aro. Ba da mugunta suka sa ba, sai dai ta ji, kuma ya yi mata zafi. Shekara ta biyu ta doshi ƙarewa, sa'o'inta suna cire afendis, ita ba ta wuce fata ba. Malam ya ɗora hannu a kan nata har ya gaji da ɗorawa.

Wata rana bayan taron mako shugaban sashen ya riƙe shi. Abokinsa ne tun suna makaranta, mutum ne mai ƙiba da son raha, amma in ya zo kan majinyaci ba ya wasa.

"Mutumina, zauna mu yi maganar yarinyar nan taka."

"Tana ƙoƙari," in ji Malam.

"Na san tana ƙoƙari, har ta fi kowa. To amma kai ka faɗa min tsakaninka da Allah, da ƙanwarka ce a kwance, za ka bar ta ta buɗe ta?"

Malam ya cire gilashinsa ya shiga gogewa.

"Ka gani," in ji shugaban. "In an zauna a ƙarshen shekara zan ce ta koma ɓangaren masu ba da magani. Can za ta yi suna. Ba cutarta zan yi ba."

"Tiyata take so."

"Ni ma na so in zama dogo."

Malam bai yi dariya ba. Ya roƙi a bar masa ita har zuwa zaman, 'yan watanni ne suka rage, abokinsa ya amince don kunyarsa. Ya fito ransa a ɓace, domin ya san gaskiya aka faɗa masa, kuma shi kansa bai san me zai ƙara yi ba.

Abin ya bayyana ne wata rana da hantsi, suna aiki a kan wani magidanci da hanjinsa ya naɗe. Malam yana rarrabe hanjin, ita tana riƙe da ƙarfe, sai wata 'yar jijiya ta ɓalle ta gefenta, jini ya yi tsiri. Kafin Malam ya buɗe baki an riga an toshe. Yatsa ɗaya ne ya sauka daidai a bakin jijiyar, bai danna da yawa ba, bai taɓa komai a kewaye ba. Malam ya bi yatsan da kallo har zuwa kafaɗa. Hannunta na hagu ne. Ya ɗaure jijiyar, ya ci gaba da aikinsa har aka rufe.

A ɗakin shan shayi ya same ta ita kaɗai tana tsaye bakin taga. Ya ɗauki lemo daga cikin kwando, ya ce, "Likita," ya wurga mata. Ta cafe shi a sama da hagu, sannan ta yi sauri ta mayar da shi dama, tana kallon ƙasa.

"Da wane hannu kike goge haƙora?"

"Da hagu, Malam."

"Zare a allura fa, in maɓallinki ya tsinke?"

"Da hagu."

"Amma da dama kike rubutu. Na gani."

"A makaranta aka mayar da ni, tun ina ƙarama. Rubutun ne kawai ya koma." Ta juya lemon a hannunta. "Ranar da na fara shiga ɗakin tiyata ina ɗaliba, na miƙa hagu zan karɓi almakashi, wani babba ya ce kayan nan duk na dama ne, bahago ba shi da wuri a nan. Shi ke nan ban sake miƙawa ba. Na ɗauka in na dage dama za ta koya."

"Shekara biyu kina tare da ni ba ki faɗa min ba?"

"Na ji tsoro ku ce in tafi, Malam."

Tausayi ya kama shi, sannan haushi ya biyo baya, kuma ba ita yake jin haushi ba. Shi da yake ganin ƙullin da ya karkace daga bakin ƙofa, ya shekara biyu yana ɗora hannu a kan hannun da ba shi ne nata ba, yana cewa ta sake.

"Daga gobe da hagu za ki yi aiki," ya ce. "Ki sha lemon, ba na mayar da kyauta."

Da labarin irin na daɗin baki ne, da a nan za a ce komai ya gyaru. Ai sai abin ya ƙara dagulewa. Almakashin da yake yanke zare tas a hannun kowa, a hagunta sai ya tauna zaren ya naɗe shi tsakanin bakunansa. Abin riƙe allura yana da 'yan haƙora da suke kullewa, babban yatsan dama ne yake ture su su buɗe. A hagu ya ƙi buɗewa, sai ta yi ta kokawa da shi allura tana cikin nama. Babbar nas ta ɗakin tiyata, wadda ta fi shekara ashirin tana miƙa kaya ba tare da ta kalli hannunta ba, kullum sai ta ɗaura allurar tana fuskantar inda ta saba, a dawo mata da ita. Ta yi ta mita ta cikin takunkumi cewa da tsufanta an mayar mata da duniya a juye. Gwiwar hannun Malam da ta yarinyar kuma sai karo suke yi a saman majinyaci.

Ya zagayo kamar yadda ya saba, ya ɗora damansa a kan hagunta, sai hannayen suka ja wuri biyu, allura ta lanƙwashe. Ya koma gefensa. Ta ɗaure wani ƙulli, ya leƙa, bai yi ba.

"Sake."

Ta tsaya. A karo na farko tun zuwanta ta ɗago ido ta dube shi a tsakiyar aiki.

"Malam, in sake yaya?"

Ba rashin kunya ta yi ba, tambaya ce ta gaskiya. Malam ya san ƙullin bai yi ba, amma yadda hannun hagu zai bi ya yi shi daidai, wannan bai sani ba. Ya karɓa ya ƙarasa da kansa.

Ranar hutun ƙarshen mako da yamma matarsa ta fito baranda da butar ban ruwan shukokinta, ta tarar da shi a kujera, ya tara lemo da ayaba a faranti, ga tsohon almakashi da abin riƙe allura da ya aro daga kayan da aka daina amfani da su. Ya tsaga bawon ayaba yana ƙoƙarin ɗinke shi. Damansa yana cikin aljihu.

"Maigida, lafiya? Ayabar ce ba ta da lafiya, ko kai?"

"Karatu nake yi."

"Da hagu?"

"Da hagu."

Ta ajiye butar ta ja kujera, don irin wannan kallo ba kullum ake samunsa ba. Mutumin da likitoci suke tsayawa a bayansa don su ga yadda yatsunsa suke tafiya, ga shi allura tana zille masa, bawon ayaba yana yagewa, gumi yana bin goshinsa. Da ƙyar ya haɗa ƙulli ɗaya. Ta leƙo ta saman kafaɗarsa, ta gyara murya, ta ce, "Sake."

Ya juyo ya harare ta, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wa ya faɗa miki wannan?"

"Baban yara, har mai gadin asibitinku ya san sunanka. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Haka ya ci gaba, duk yammar da ya samu. Hannun kujerar baranda ya cika da zaruruwa a ƙulle, jikarsu in ta zo sai ta tambayi dalilin da ya sa duk lemon gidan yake da ɗinki. Bai taɓa kai hagun nan kusa da majinyaci ba, kuma ba ya da niyya. Shi dai yana so ya san inda abin yake cije wa yarinyar. A hankali ya gano. Almakashin dama in yana hannun hagu, sai babban yatsa ya jawo maimakon ya tura, sannan bakunan su haɗu su yanka. Haƙoran abin riƙe allura da tafin hannu ake zame su. Ɗinki daga ɗaya ɓangaren ake faro shi. Wurin tsayuwa ma ba ɗaya ba ne, akwai ayyukan da sai ta koma ɗaya gefen majinyaci kafin hannunta ya samu hanya.

Akwai kuma abin da ya koya wanda bai je nema ba. Shi bai taɓa sanin yadda ake ji ba in ido ya ga abin da ya kamata, kai ya fahimta, hannu ya ƙi. A barandar nan ya sani, yana da furfura. Fuskokin yaran da suka wuce ta hannunsa suka riƙa dawo masa, musamman masu nauyin hannun, yadda sukan haɗiye yawu in ya ce su sake. Ya gaya wa matarsa cewa kunya yake ji. Ta daina dariyar, ta ce to ai sun zama likitoci, ya sha shayinsa kafin ya huce.

Da ya koma wurin yarinyar, hagunsa ya ɗora a kan hagunta, a ɗakin gwaji, a kan roba da bawon lemo. Hannun nasa yana da nauyi har yanzu, amma ya san hanya. Ta dubi yatsunsa, ta ga inda zare ya ci su ya bar sawu, ta gane abin da ya yi. Idonta ya cika da ƙwalla.

"Ba a kuka a kan aiki, Likita, ɗigon hawaye ƙazanta ne," ya ce. "Jawo da babban yatsa. Jawo, kada ki tura."

Zaren ya yanke tas. Ta sake, ya sake yankewa. Babbar nas ma ta haƙura ta koyi juya allura, har ta fara yi wa sababbin nas-nas faɗa in sun manta. Kafin a ankara yarinyar ta gyara ƙaba, ta cire afendis, kuma ɗinkinta ya fito a jere, tsaf, har Malam ya leƙa ta saman gilashi ya rasa inda zai ce a sake. Sunan Hannun Aro ya mutu da kansa.

Sai dai shugaban sashen ba ya karɓar labari, sai abin da idonsa ya gani. Da zaman ya matso ya kira Malam ofis.

"Na ji an ce ta canja. Madalla. Akwai wata mata da za a cire wa matsarmama, duwatsu sun cika ta. Na yi magana da matar, ta yarda yarinyar ta yi, ni ina tsaye a gabanta. In ta yi, ta zauna. In na karɓi wuƙa daga hannunta, magana ta ƙare."

"Na yarda. Zan riƙe mata ƙarfe."

"A'a. Ba za ka shiga ba."

"Ɗalibata ce."

"Shi ya sa. Mutumina, na san ka. Kana tsaye ba ka ce komai ba, amma ka yi tari, ka karkata kai, ka matsar da fitila. Yaranka da girarka suke aiki. Ni ita nake so in gani, ba kai ba. Ko kayan tiyata kada ka sa ranar."

Malam ya yi musu, ya yi fushi, ya ce rashin yarda ne. Abokinsa ya bar shi ya gama, sannan ya miƙa masa biskit. A zuciyarsa Malam ya san ko shi ne a kujerar abin da zai yi ke nan.

Ranar aikin da safe ya ga yarinyar a bakin wurin wanke hannu. Ya shirya maganganu da yawa a mota, game da jijiyar da takan ɓuya a inda ba a zata ba, game da kada ta yi sauri don ana kallonta. Da ya ga fuskarta sai ya haɗiye su duka, ya ce, "Kin karya kumallo?" Ta ce ta karya. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Ƙofa ta rufe a bayanta.

Ya je ofis ya kasa zama. Ya zagaya ɗakin marasa lafiya, nas ta ce masa ai ya riga ya duba su. Ƙafarsa ta dawo da shi bakin ɗakin tiyata, inda aka ajiye dogon benci don dangin waɗanda aka shiga da su. Yakan wuce bencin nan kullum tun yana saurayi, bai taɓa zama a kansa ba. Ya zauna, ya ji ashe katakon yana da tauri haka, kuma daga nan babu abin da ake gani sai ƙofa da jar fitila a samanta.

Akwai wani dattijo a ɗaya ƙarshen, da 'yar jakar tafiya a tsakanin ƙafafunsa, yana ta murza hularsa a hannu. Da safen nan ya iso daga nesa, bai san Malam ba, ya ga dai tsoho ɗan'uwansa cikin kayan gida. Ya matso.

"Sannu, ɗan'uwa. Kai ma jira kake yi?"

"Jira nake yi."

"'Yata ce a ciki. Yaranta uku, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba." Ya rage murya. "Na ga likitar da za ta yi aikin. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai 'yar tawa ba. An ce akwai babba a tare da ita, amma hankalina bai kwanta ba. Kai da alama ka san wurin nan. Ta iya kuwa?"

Malam ya buɗe baki zai ba da irin amsar da likitoci suke bayarwa, wadda ba ta kama kowa, sai ya fasa. Mutumin nan gaskiya yake nema, kuma 'yarsa ce a kan tebur. Ya tambayi kansa tambayar da abokinsa ya taɓa yi masa, ya jira ya ji abin da zuciyarsa za ta ce.

"Ta iya," ya ce. "Da tawa 'yar ce, ita zan ba."

Dattijon ya sauke ajiyar zuciya, ya mayar da hularsa kai. Malam kuwa lissafin lokaci yake yi. Ya san lokacin da ya kamata a ce an buɗe, ya san lokacin da ya kamata a ce an kai ga matsarmamar, kuma ya san lokacin da aikin ya fara wuce yadda ya kamata. Wata nas ta fito da sauri, ta koma da ledar jini a hannu, ba ta dubi kowa ba. Malam ya miƙe tsaye. Ƙofar tana nan, taku kaɗan ne, kuma babu mai iya hana shi shiga a asibitin nan. Dattijon ya ɗago yana kallonsa da tsoro a ido. Malam ya koma ya zauna, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa.

An daɗe kafin jar fitilar ta mutu. Shugaban sashen ne ya fara fitowa, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya cire hular tiyata ya zube a bencin kusa da Malam.

"Jijiyar ba ta inda ake nemanta," ya ce a hankali. "Ta ɓalle, wuri ya cika. Na miƙa hannu zan karɓa, ko kallona ba ta yi ba. Ta riga ta danne da yatsa. Ta ce min, 'Yallaɓai, ja min nan, ka ɗan ɗaga.' Ni, da girmana, ta sa ni riƙon ƙarfe. Na ja, ta gano bakin, ta ɗaure. Matar tana lafiya."

"To?" in ji Malam.

"To me? Ta zauna mana. Ka je ka wanke fuskarka, mutane suna kallo."

Ya dafa kafaɗar Malam ya tashi ya wuce. Can sai ƙofa ta sake buɗewa, yarinyar ta fito, sawun takunkumi a kumatunta, tafiyarta ta gajiyayye. Malam ya gyara zama, ya fara miƙewa. Ta gan shi, babu shakka ta gan shi. Amma ta wuce shi, ta je ta durƙusa a gaban dattijon, ta ce, "Baba, an gama lafiya. Mun ɗan samu zubar jini, mun tsayar, an ƙara mata leda ɗaya. Nan da anjima za ta farka, zan zo in kai ka ka gan ta da kaina." Dattijon sai addu'a yake jerowa, yana tambaya, tana amsa masa ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba.

Abin ya ɗan sosa ran Malam, ba zai ɓoye ba. Amma daɗin da ya ji ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba, domin abin da likita ya kamata ta fara yi ke nan, kuma babu wanda ya tsaya a bayanta ya ce ta yi. Ya koma ya jingina da bango, ya cire gilashinsa da ya yi hazo, ya zauna yana jira a zo kansa kamar kowa a bencin.